Inda Ƙuri'a Ke Raba Wa Maharba Wuraren Fakon Agwagwa

A ƙasar Amurka, musamman a jihohin da ke bakin kogin Misisifi, akwai wata ƙuri'a da a ke jefawa kowace shekara wadda ba ta shafi siyasa ko zaɓen shugabanni ba, amma duk da haka ta kan hana dubban magidanta barci. Abin da a ke rububi a kansa kuwa shi ne 'yar rumfa a tsakiyar fadama, wadda ba ta fi ɗakin ƙaramin yaro ba, inda mutum zai laɓe cikin sanyin hunturu yana fakon agwagin daji da bindiga.

Ita wannan rumfa da katako a ke yin ta, a kafa ta bisa turaku a cikin ruwa ko a gefensa, sa'an nan a lulluɓe ta da ciyawa da rassan itace har ta saje da dajin da ke kewaye da ita. A gabanta maharbi ya kan baza agwagin ƙarya na roba su yi ta lilo a kan ruwa, yana busa wata 'yar sarewa mai kwaikwayon kukan agwagwa. Dabarar dai ita ce irin ta maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi: a yaudari tsuntsu ya matso da kansa. Dole ne kuwa ya matso, domin bindigar da a ke harbin tsuntsu da ita ba ta cin abin da ya wuce yadi arba'in ko makamancin haka.

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne na ƙuri'a a kan rumfar da kowa zai iya kafa tasa? Amsar tana cikin halin ita agwagwar. Ba ko'ina ta ke sauka ba. Tana da hanyoyin da ta saba bi a sama, tana son wurin da ruwa bai yi zurfi ba kuma akwai abinci, kuma kullum iska ta ke fuskanta in za ta sauka. Saboda haka a fadama guda za a sami rumfar da masu ita ke komawa gida da jaka cike kusan kowace safiya, ga wata kuma can gaba kaɗan wadda sai a wuni a cikinta ba a ɗaga bindiga ba. Bugu da ƙari ba a cunkusa rumfunan wuri ɗaya. A jihar Ilinoi, alal misali, a kan bar tazarar yadi 200 tsakanin ƙungiyar maharba da wata, don gudun haɗari, don kuma kada wannan ya kore wa wancan tsuntsu. Wuri mai kyau kaɗan ne, masu so kuwa da yawa.

Yadda fadamu suka ƙare

Ba haka abin ya ke ba tun asali. Lokacin da Turawa suka fara zama a wannan nahiya, fadamu sun yi yawa har a na ɗaukarsu abin ƙi, matattarar sauro da zazzaɓi. Aka dinga janye ruwansu a na mai da su gonaki. Wani rahoton gwamnatin tarayya na shekarar 1990 ya nuna cewa daga wajen 1780 zuwa 1980 jihohi 48 na ƙasar sun yi asarar fiye da rabin fadamunsu. Jihar Kalifoniya ta rasa kashi 91 cikin ɗari, Misuri kashi 87, Ilinoi kuwa kashi 85. Abin da ya rage kuma, mafi kyawunsa ya faɗa hannun attajirai waɗanda suka kafa kulob-kulob na farauta suka kewaye su da shinge.

Su ma agwagin ba su tsira ba. A ƙarni na 19 akwai maharban kasuwa masu girka wata ƙatuwar bindiga a goshin kwalekwale, su lallaɓa da dare su sakar wa garken tsuntsaye wuta suna barci a kan ruwa, harbi ɗaya ya kashe gommai. A na loda naman a jirgin ƙasa zuwa otal-otal na manyan birane. Da aka ga abin zai kai ga ƙarewar iri, sai Amurka da Ingila, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1916, majalisar Amurka kuma ta mai da ita doka a 1918. Daga nan aka haramta sayar da naman agwagwar daji, gwamnatin tarayya kuma ta karɓi ikon yanka lokacin farauta da yawan abin da mutum zai kashe.

Sai kuma ga fari na shekarun 1930, wanda ya ƙafar da dubban ƙananan tafkuna na arewacin ƙasar da kudancin Kanada, watau inda yawancin agwagin nahiyar ke ƙyanƙyasa. A cikin wannan hali ne Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a 1934 a kan dokar da ta wajabta wa duk maharbin agwagwa da ya kai shekara 16 ya sayi wani kan sarki na musamman kowace shekara. Wani mai zanen barkwanci a jarida, Jay Darling, wanda a lokacin ya ke shugabancin hukumar kula da namun daji, shi ya zana na farko, aka sayar da shi dala ɗaya. Tun 2015 kuɗinsa dala 25 ne, kuma kashi 98 cikin ɗari na abin da a ke tarawa yana tafiya ne wajen sayen fadamu ko hayarsu. Da wannan kuɗi an killace eka wajen miliyan shida. A 1937 kuma aka ƙara da dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da a ke karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin ɗari, a na mayar wa jihohi don su sayi daji su kula da shi.

Nan ne gizo ke saƙa. Da kuɗin kowa aka sayi waɗannan fadamu, da na leburan masana'anta da na manajan banki. Tun a 1842 kuwa Kotun Ƙoli ta ƙasar, a wata shari'a a kan kamun kawa a jihar New Jersey, ta kafa tushen ƙa'idar da ke cewa ruwayen da jirage ke bi da abin da ke cikinsu amana ce a hannun hukuma domin jama'a duka. To idan abu na kowa ne, kuma ba zai ishi kowa ba a rana ɗaya, wa za a ba?

Tafkin da aka zubar da jini a kansa

Babu inda wannan tambaya ta yi zafi kamar tafkin Reelfoot da ke kusurwar arewa maso yammacin jihar Tenesi. Girgizar ƙasa ce ta haifi tafkin, a ƙarshen 1811 da farkon 1812, lokacin da ƙasa ta lotsa ruwa ya cike gurbin. Tafki ne marar zurfi, cike da kututturan itatuwa, kuma yana kan hanyar da agwagi ke bi in sun taso daga arewa. Talakawan yankin sun yi kusan shekara ɗari suna kamun kifi da farauta a cikinsa ba mai ce masu kanzil.

A farkon ƙarni na 20 wani kamfani mai suna West Tennessee Land Company ya saye takardun filayen da ruwan ya cinye, ya ce tafkin nasa ne, duk mai son kamun kifi na sayarwa sai da izninsa. Mutanen wurin suka kai ƙara ba su yi nasara ba. Daga nan wasunsu suka fara yawo da dare a kan dawaki, fuska a rufe, suna ƙone-ƙone da dukan waɗanda su ke zargi. A watan Oktoba na 1908 suka kama lauyoyin kamfanin guda biyu a wani masauƙi a bakin tafkin. Suka kashe ɗaya, Kyaftin Quentin Rankin, ɗayan kuwa, Kanar R. Z. Taylor, ya faɗa ruwa cikin duhu ya sha da ƙyar. Gwamna Malcolm Patterson ya tura sojoji, aka kama mutane da dama, aka yanke wa shida hukuncin rataya, amma kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin. Daga bisani, a 1914, tafkin ya koma hannun gwamnatin jiha ya zama na jama'a.

Zamansa na jama'a bai kashe maganar ba, sai dai ya sake mata kama. Iyalai suka ci gaba da kafa rumfunansu a wuraren da kakanninsu suka saba, har wuri ya zama a na kiransa da sunan gidan wane, a na gadonsa kamar gona, alhali ƙasar ta hukuma ce. Da hukuma ta zo gyara, ba ta iya tumɓuke su gaba ɗaya ba. Sai ta yi rajistar waɗanda ke riƙe da rumfunan, ta bar masu su ci gaba, da sharaɗin cewa in mai rajista ya kau, wurin zai fita daga hannun gidansa. Sauran wuraren kuwa aka sa su cikin ƙuri'a.

Asabar ta farko a watan Agusta

Shekara da shekaru, Asabar ta farko a watan Agusta ita ce ranar ƙuri'a a Tenesi. Tun da sassafe maharba kan hallara a filayen da hukumar namun daji ta jihar ta ajiye, kowa ya nuna lasisinsa, a rubuta sunansa a kati a jefa cikin ganga. In an juya ganga aka zaro sunan mutum, sai ya fito ya zaɓi rumfar da ya ke so daga cikin waɗanda suka rage, ta zama tasa har ƙarshen lokacin farauta, watau kwana sittin. Wanda aka fara zarowa shi ke ɗauke ta gaban goshi. Taron ya kan zama kamar ranar kasuwa, da masu sayar da abinci da kayan farauta, da abokan da ba su haɗuwa sai shekara-shekara.

Amma ɗan Adam ba ya rasa dabara. Tun da dai kati ɗaya a ke ba kowane mai lasisi, sai maharbi ya yanko wa matarsa lasisi, da surukarsa, da maƙwabcinsa wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, duk su zo su jefa kati. Mai mutum talatin ya fi mai mutum uku damar ci sau goma. Sa'an nan dokar ta yarda wanda ya ci ya rubuta sunayen abokan da za su yi tarayya da shi a rumfar. Ta wannan ƙofa ce kuɗi ya shigo. An daɗe a na kukan cewa da zarar an kira sunan mutum, kafin ya isa teburin hukuma masu hannu da shuni sun kewaye shi suna yi masa tayi a kunne, ya rubuta sunayensu ya karɓi abin da ya karɓa ya tafi gida. Sayar da rumfar hukuma laifi ne, amma cinikin da aka yi da raɗa wuyar kamawa gare shi. Sai ga shi rumfunan da suka fi kyau suna komawa hannun mutanen da suka riƙe su bara, kamar ba a yi ƙuri'a ba.

A 2020 annobar korona ta hana taro, aka mai da ƙuri'ar cikin kwamfuta. Shekara ta gaba, 2021, hukumar ta yi amfani da wannan dama ta sake tsarin: wasu rumfunan aka bar su na kwana sittin kamar da, wasu kuwa aka yanka lokacinsu gunduwa-gunduwa, mutum ya ci na 'yan kwanaki ya ba wani wuri. Hujjar hukuma ita ce rumfa guda da a da ƙungiya ɗaya ke morewa, yanzu ƙungiyoyi da yawa za su ɗanɗana. Tsofaffin maharba kuwa ba su ji daɗi ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wanda ya san rumfa tasa ce har ƙarshen hunturu zai kashe kuɗinsa da ƙarfinsa ya gyara ta, ya share hanyar jirgi, ya koyi halin wurin. Baƙon kwana uku kuwa kafin ya gane inda iska ke kaɗawa lokacinsa ya ƙare.

A Ilinoi har yanzu a na taruwa a jefa ƙuri'a da rani, a watan Yuni ko Yuli, kuma sai mutum ya zo da kansa. Abin da a ke ci a can fili ne kawai mai lamba, na shekara ɗaya, ko biyu, ko uku, gwargwadon wurin. Wanda ya ci shi zai gina rumfar da kuɗinsa kafin ranar da aka yanka, ma'aikata su zo su duba. In ba ta cika ƙa'ida ba kuma bai gyara ba, a ba na bayansa. Akwai kuma wata doka mai ma'ana wadda Ilinoi da Tenesi duka ke aiki da irinta: in gari ya waye lokacin da aka ƙayyade ya yi mai rumfa bai zo ba, duk maharbin da ya riga isa yana da ikon shiga ya yi farautarsa ta wannan rana. Watau dai ko ka gina da guminka, aro aka ba ka.

Layin talaka

Jihar Misuri ta bi wata hanya dabam. A manyan fadamun da hukumarta ke sarrafa ruwansu da famfo da madatsai, irin su Grand Pass da Otter Slough da Eagle Bluffs, ba a ba kowa wuri na tsawon lokaci. Kullum ta Allah sai an sake rabo. Wani kaso na wuraren a kan raba shi tun da wuri ta intanet, sauran kuwa a bar wa waɗanda suka zo da ƙafarsu, waɗanda su da kansu ke kiran layinsu layin talaka.

Tun cikin dare su ke tahowa, wani daga tafiyar awa biyu ko uku, jirgi a ɗaure a bayan mota, kare a zaune a gefe. Kafin asuba a buɗe ofis, kowace ƙungiya, wadda ba ta wuce mutum huɗu, ta sa hannu cikin akwati ta zaro ɗan ƙwallo mai lamba. Mai ƙaramar lamba shi ke fara zaɓen wuri a taswirar da ke jikin bango. A na kiran lamba wurare na raguwa, har a kai inda ma'aikaci zai ce sun ƙare. Waɗanda suka rage sai su juya su kama hanyar gida cikin duhu, sun ƙona mai, sun yi asarar barci, wani ma ya ɗauki hutun aiki a banza. Gobe kuma su dawo. A da yawa daga cikin waɗannan wurare da ƙarfe ɗaya na rana a ke tsai da harbi, don tsuntsaye su sami sararin sauka su ci abinci, in ba haka ba su bar fadamar gaba ɗaya.

Tsarin Kalifoniya ya yi kama da wannan. A gandayen kwarin Sacramento ranakun Laraba da Asabar da Lahadi kaɗai a ke farauta, kuma harsashi 25 ne iyakar abin da mutum zai shiga da shi, don a hana masu ɓarin wuta a kan tsuntsun da ya yi nisa. Waɗanda suka ci ƙuri'ar farko su ke fara shiga, na ƙarshe kuwa su ne 'yan layin zufa, masu zaman jiran wani ya gaji ya fito su maye gurbinsa.

Wanda ke ganin duk wannan wahala ce marar dalili, sai ya dubi inda ba a yin ƙuri'ar. A dajin Bayou Meto na jihar Akansas, wanda ya yi suna a duk ƙasar saboda agwagin da ke sauka cikin itatuwan da ruwa ya mamaye, wanda ya riga isa shi ke da wuri. Abin da wannan ya haifar shi ne tseren jirage masu inji cikin duhun asuba a 'yan ƙananan hanyoyin ruwa, da karo, da zage-zage, har hukuma ta shiga kafa dokoki a kan girman inji da irin tuƙin da a ke yi. A irin wannan tsere mai babban inji da ƙuruciya shi ke gaba, dattijo da mai koya wa ɗansa su ne a baya. Ita ƙuri'a aƙalla ba ta san mai ƙarfi ba, ba ta kuma san ɗan wane ba.

Amma tana da nata zaluncin. Ba ta da tunani: mutum na iya shekara goma yana jefa kati bai ci ba, wani kuwa ya zo yau ya ci yau. Don rage wannan ne wasu jihohi, musamman a farautar manyan namun daji, su ke ba wanda ya faɗi maki, ya riƙa tarawa har damarsa ta ƙaru. Sai dai shi ma wannan ya kan toshe wa sabon shiga hanya, domin yaron da ya fara bana zai tarar da mutane sun riga shi da makin shekaru.

Hukumomin kuwa ba su da halin yin sakaci da sabon shiga, domin da kuɗinsa a ke riƙe fadamun. A farkon shekarun 1970 an sayar da kan sarkin agwagwa kusan miliyan biyu da rabi a shekara guda. A shekarun baya-bayan nan masu fita farautar agwagwa sun dawo wajen miliyan ɗaya, kuma rashin wurin farauta na cikin manyan dalilan da masu bari su ke bayarwa. Duk maharbin da ya gaji da layin talaka ya jingine bindigarsa, an rasa kuɗin lasisinsa da na kan sarkinsa da harajin harsashinsa, watau kuɗin da a ke sayen mai na famfo da gyaran madatsai da su.

Shi kuwa wanda ya dace ya ci, dokokin tarayya na nan suna jiransa a cikin rumfar. Ba zai fara harbi ba sai saura rabin awa rana ta fito. Bindigarsa ba za ta ɗauki harsashi fiye da uku ba. Tun 1935 aka hana zuba hatsi don jawo tsuntsu, da ɗaure agwagwa mai rai a matsayin tarko, tun 1991 kuma aka hana harsashin dalma a farautar agwagwa a duk ƙasar, saboda agwagi na haɗiye ƙwayoyinsa a ƙasan ruwa su mutu da guba. A jihohin Misisifi agwagwa shida ce iyakarsa a rana, kuma a cikin shidan nan ma kowane iri da adadinsa, har da bambancin mace da namiji a wani irin. Saboda haka dole ya iya gane tsuntsu yana cikin tashi, da ɗan hasken asuba, kafin ya ja kunama.